Cinikin Santander da TSB: wai su waye ainihin masu bankunan nan da muke ajiya a Ingila?

Ummi Leicester:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Na ga wani labari na 2025 wai Santander za su saye TSB kan fam biliyan 2.65, ni kuma a TSB na buɗe asusu da na zo karatu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne an ce wani banki ne na Sifaniya yake sayar wa wani bankin Sifaniya, alhali ni duk tunanina TSB na Turawan nan ne. Sannan ƙawata ta ce in koma Nationwide wai shi ba banki ba ne bildin sosayati ne, to ni dai na ga suna da kati suna da manhaja suna da reshe kamar kowa, ina bambancin yake? Iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe a nan a taimaka a warware min

Sadiq Akanta:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, kuɗinki ba inda za su je. TSB a 2015 ya shiga hannun Sabadell na Sifaniya, sun saye shi kan wajen fam biliyan 1.7. Daga baya su Sabadell ɗin wani bankin Sifaniya mai suna BBVA ya taso su gaba yana so ya haɗiye su ko suna so ko ba sa so, ana cikin wannan rigimar a 2025 suka amince su sayar wa Santander da TSB. Lokacin da aka sanar da cinikin, sharaɗin shi ne sai masu hannun jari da hukuma sun sa hannu kafin ya kammala. Bambanci da Nationwide kuma, banki na masu hannun jari ne, shi Nationwide na masu ajiya da masu cin bashin gida ne, su ne mambobi. A takarda kenan. A zahiri ke da za ki cire fam 20 a na'ura duk ɗaya ne

Baba Alhaji Bradford:
Sadiq ban yarda da wannan "duk ɗaya ne" ɗin ba. Ummi 'yata bari in faro miki daga tushe, don ni a gabana aka yi yawancin abin nan.

Kin san adashi ai. To asalin bildin sosayati adashin gida ne. Na farko da aka sani a 1775 aka yi shi a Birmingham, wani mai masauƙi Richard Ketley shi ya tara mutane, kowa na zubi duk wata, in kuɗi ya kai na gina gida ɗaya sai a yi ƙuri'a a ga wa zai ɗauka, a ci gaba da zubi har kowa ya samu rufin kansa, daga nan a watse. Haka suke a da, in an gama an gama. Sai wajen shekarun 1840 aka fara masu ɗorewa, wato ana karɓar ajiyar wanda ma ba gida yake so ba, a ba wanda yake son gida bashi, ƙungiya ba ta mutuwa. Shi ya sa kike ganin sunayensu duk na garuruwa ne, Halifax, Leeds, Bradford, Bingley, Skipton, Coventry, Woolwich, saboda mutanen garin ne suka kafa abinsu, masaƙa da ma'aikatan masana'anta waɗanda bankunan wancan zamani ko kallo ba su ishe su ba.

Shi wannan Santander da kike gani ja a kowane titi, gidaje uku ne a cikinsa kuma duka ukun irin waɗannan ƙungiyoyi ne. Babbansu Abbey National. Abbey ɗin sunan titi ne, Abbey Road a Landan, a wani coci na Baptis da ke kan titin aka kafa ƙungiyar a 1874. National ɗin kuma wata ƙungiya ce daban ta 1849. A 1944 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu suka haɗe aka haɗa sunayen. Na biyu Alliance & Leicester, na garinku kenan, haɗakar 1985. Na uku namu na nan, Bradford & Bingley, haɗakar 1964. Yau ko ɗaya babu allonsa a titi, daga Janairun 2010 aka fara sauke alluna ana maye su da Santander

Ummi Leicester:
Ikon Allah. Baba na gode Allah ya ƙara girma. To amma in na mambobi ne ta yaya har wani daga Sifaniya ya zo ya saya? wa ya sayar masa?

Baba Alhaji Bradford:
Su mambobin da kansu, amma ba kai tsaye ba. A 1986 zamanin Thatcher aka yi doka da ta ba su dama in mambobi sun yarda ƙungiya ta rikiɗe ta zama kamfani a sa ta a kasuwar hannun jari. Abbey National ne ya fara a Yulin 1989, aka ba kowane mamba hannun jari 100 kyauta, lokacin kowane ɗaya fam 1.30. Wato a kan abin da bai wuce fam 130 ba aka saki abin da aka fi shekara 100 ana tarawa. Da ya zama kamfani kuma ai ya zama haja, duk mai kuɗi zai iya tayawa. Lloyds TSB sun taya a 2001 hukumar hana babakere ta hana, sai 2004 Santander suka zo da wajen fam biliyan 9 suka ɗauka

Sadiq Akanta:
Baba da girmamawa, lissafin bai cika ba. Wanda ya riƙe hannun jarin nan 100 bai sayar ba ya ci riba shekara da shekaru kuma darajarsu ta ninka sau da yawa kafin 2004. Kuma ku faɗa mata 1997 mana, da Halifax ya shiga kasuwa sama da mutum miliyan 7 aka raba wa hannun jari, mafi ƙarancin rabo ya haura fam 1,000. A 1997 fa. Talakan da bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi a dunƙule ba ya biya bashi ya gyara gida. Kafin nan wannan "mallakar" da ake cewa yana da ita me ta tsinana masa? ba zai iya sayarwa ba, ba zai iya bar wa 'ya'yansa gado ba, in ya rufe asusu shi kenan ta bi iska

Maman Hanif Coventry:
Haba Sadiq, ai wannan da ka faɗa shi ne hujjarmu ba taka ba. Ba zai iya sayarwa ba saboda ba nasa ba ne shi kaɗai. Dukiyar da ke cikin Halifax a 1997 tun 1853 ake tara ta, mutanen da suka tara ta sun mutu ba su ɗauki ko sisi ba suka bar wa na baya. Sai aka zo kan wasu da suka yi sa'a suna da asusu a shekarar suka raba ta tsakaninsu, na gaba kuma ko oho. Wasu ma ba 'yan ƙungiyar ba ne na gaskiya, mutane ne da suka riƙa bin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya suna buɗe asusu da fam 100 kawai don in an rikiɗe su samu rabo. Ni wannan abin yana min ciwo wlh, amanar na baya aka ci

Baba Alhaji Bradford:
Allah ya yi miki albarka Maman Hanif. Kuma namu na Bradford & Bingley shi ya fi ban takaici, domin su daraktocin ba sa so a rikiɗe, sun fito ƙarara sun ce a'a. Wani mamba ne ya kawo ƙuduri a 1999, aka kaɗa ƙuri'a masu so suka yi rinjaye da sama da kashi 60 cikin 100, dole aka bi. Disambar 2000 ya shiga kasuwa. Bai kai shekara 8 ba ya faɗi. Hedikwatarsu da ke Bingley, ginin da ake hangowa daga nesa, rushe shi aka yi daga baya. Maƙwabtana da yawa a can suke aiki, na ga abin da ya same su

Sadiq Akanta:
To ai kun ga, mambobi ne suka zaɓa da hannunsu. In kun ce ƙungiya ta mambobi ce kuma mambobi suka ce a sayar, da wane baki za a ce sun yi laifi? ko dai mallakar tasu ce ko ba tasu ba ce, a tsaya a ɗaya

Maman Hanif Coventry:
Tasu ce ta riƙo ba ta rabawa ba. Shi ya sa Nationwide tun ƙarshen 1997 duk wanda zai buɗe sabon asusu sai ya sa hannu cewa in an taɓa rikiɗewa rabonsa sadaka ne zai tafi gidauniya. Tun daga nan masu farautar rabo suka ja baya

Injiniya Bashir Newcastle:
Ni ban cika magana a nan ba amma wannan ta shafi garinmu. Ku bar maganar wa ya yi laifi tukuna a duba sakamako. Ƙungiyoyi 10 ne suka bar tsarin mambobi daga 1989 zuwa 2000. A nuna min guda ɗaya da yake tsaye da ƙafarsa yau. Babu. Cheltenham & Gloucester Lloyds ya ɗauke a 1995, National & Provincial ya shige cikin Abbey a 1996, Bristol & West ya tafi hannun Bank of Ireland, Woolwich Barclays suka saye a 2000, Halifax ya haɗe da Bank of Scotland a 2001 suka zama HBOS wanda a 2008 sai da aka yi gaggawar ɗaura masa aure da Lloyds TSB gwamnati ta zuba sama da fam biliyan 20 ta riƙe kashi 43 cikin 100.

Namu Northern Rock kuwa, shi ma haɗaka ce ta 1965, Northern Counties da Rock, sunan daga nan ya fito. Ya zama banki a 1997. Abin da ya kashe shi a bayyane yake, bildin sosayati doka ta ɗaure shi, aƙalla rabin kuɗin da yake juyawa sai ya fito daga ajiyar mambobi, kuma kashi 75 cikin 100 na bashin da yake bayarwa sai ya zama na gidajen zama. Da ka zama banki an kwance maka wannan igiyar. Sai Northern Rock ya koma ciyo bashi na gajeren lokaci daga kasuwar manyan bankuna yana ba mutane bashin gida na shekara 25, har akwai tsarin da suke ba mutum kashi 125 cikin 100 na kuɗin gidan, wato fiye da abin da gidan ya kai. Da rikicin bashin gidaje na Amurka ya taso a 2007 bankuna suka daina ba juna rance, sai aka wayi gari ba inda zai ciyo. Ranar 14 ga Satumba 2007 mutane suka yi layi a ƙofar rassa tun asuba, tsofaffi da sanduna, kowa na son cire kuɗinsa, abin da aka fi shekara 100 ba a gani ba a ƙasar nan. Fabrairun 2008 gwamnati ta karɓe shi

Ummi Leicester:
Innalillahi. To mutanen sun rasa kuɗinsu ne?

Injiniya Bashir Newcastle:
Masu ajiya ba su rasa ba, gwamnati ta fito ta ce ta tsaya musu. Masu hannun jari ne suka tashi a tutar babu, kuma da yawansu tsofaffin mambobin nan ne da ma'aikata da suka riƙe rabon 1997 suna ganin jarin tsufa ne. Layin ma ba hauka ya sa suka yi ba, lokacin inshorar ajiya fam 2,000 na farko kawai take biya cif, sai kashi 90 cikin 100 na fam 33,000 da ke biye. Duk mai hankali zai je ya tsaya

Sadiq Akanta:
Injiniya duk abin da ka faɗa haka ne ban musa ba. Amma kada a maida su Nationwide mala'iku. Rikicin 2008 bai tambayi wa ke da mamba wa ke da mai hannun jari ba. Derbyshire da Cheshire ba su taɓa rikiɗewa ba amma sai da Nationwide ya tallabe su a 2008. Dunfermline, mafi girma a Skotland, ya durƙushe a 2009. Britannia fa? shi ne na biyu a girma, ya haɗe da Co-operative Bank a 2009, rubabben bashin da ya shigo da shi yana cikin abin da ya jawo aka gano ramin fam biliyan 1.5 a bankin a 2013, ƙarshenta masu zuba jari na Amurka suka karɓe shi. Duk waɗannan na mambobi ne. Ina mambobin suke lokacin da daraktoci ke rabon bashi ba kan gado? Ni abin da nake cewa rashin iya shugabanci ne ke kashe gidan kuɗi ba irin takardar mallaka ba

Maman Hanif Coventry:
Eh wasu sun faɗi, amma har yau akwai wajen 40 da suke raye, su kuwa waɗancan 10 cikin 10 ne suka tafi. Kuma dubi yadda abin ya juya yanzu. Shi Northern Rock ɗin gwamnati ta sayar da ɓangarensa mai lafiya wa Virgin Money kan fam miliyan 747, aka sauke sunan a 2012. Yau wa ke da Virgin Money? Nationwide, sun kammala saye a Oktoban 2024 kan fam biliyan 2.9. Shi kuma Co-operative Bank da ka ambata, namu na Coventry ne suka saye shi kan fam miliyan 780 aka kammala a Janairun 2025. Waɗanda aka ce 'yan ƙauye ne ba za su iya gogayya ba su ne yanzu ke sayen bankuna

Sadiq Akanta:
Madalla Hajiya kin kawo ni inda nake so. Da Nationwide za su kashe fam biliyan 2.9 na mambobi, an ba mambobin damar kaɗa ƙuri'a? Ba a ba su ba. Mutane sun yi ta tara sa hannu suna neman a tambaye su, shugabanni suka ce doka ba ta wajabta ba. Masu hannun jarin Virgin Money kuwa sai da aka tambaye su kafin a sayar. To tsakanin mamba da mai hannun jari wa aka fi jin maganarsa?

Maman Hanif Coventry:
Wannan kam ban ji daɗinsa ba ni ma, ya kamata a ce an tambaya. Amma ko a nan bambanci yana nan, a sosayati mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, mai fam 100 da mai fam dubu 100 daidai suke. A banki ƙuri'arka gwargwadon aljihunka. Kuma tun 2023 Nationwide suna raba wa mambobin da suka cika sharaɗi fam 100 a shekara daga riba, wane banki ne ya taɓa tura wa kwastoma rabon riba don kawai yana kwastoma

Baba Alhaji Bradford:
Ku tuna kuma shi kansa Nationwide da ƙyar ya sha. A 1998 aka kaɗa ƙuri'a kan ya rikiɗe ko kar ya rikiɗe, masu cewa a'a suka ci da kashi 50.8 cikin 100, tazarar ba ta kai ƙuri'a 35,000 ba a cikin sama da miliyan 2. Da abin ya karkata kaɗan da yau ba ma wannan muhawarar, da shi ma wani allon ne a kansa. Sunan ma ba da shi ya fara ba, Co-operative Permanent ne, sai 1970 ya koma Nationwide

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu kuma na ƙaru. Tunatarwa kawai, kada jin an ce na mambobi ne ya sa wani ya ɗauka ya fita daga batun kuɗin ruwa. Sosayati ma da ruwa yake ba da bashin gida, da ruwa yake biyan mai ajiya, ta wannan fuskar bai bambanta da banki ba. Tsarin taimakon juna da aka faro da shi abu ne mai kyau, amma yadda ake tafiyar da shi yau sai mutum ya tambayi malamai kafin ya shiga bashin gida ko asusun da ke haihuwa

Sadiq Akanta:
Gaskiya ne Malam. Shi ma bankin Musulunci na nan bai tsira daga sauyin suna ba, Islamic Bank of Britain aka buɗe shi a 2004, da Masraf Al Rayan na Ƙatar suka saye shi a 2014 ya koma Al Rayan Bank

Abba Kano:
Ni ina gida ban taɓa zuwa Ingila ba amma wlh kamar labarinmu ake bayarwa. Bank of the North da aka kafa a 1959, dogon benensa yana nan a Kano kowa ya san shi, na jihohin Arewa ne, da Soludo gwamnan Babban Banki na lokacin ya ce kowane banki sai ya kawo naira biliyan 25 ya narke cikin Unity Bank a 2006 tare da wasu takwas. Union Bank ma ai Barclays ne har 1979. Mu ma an taɓa yi mana bildin sosayati, Nigerian Building Society a 1956, amma ita gwamnati ce ta karɓe ta zama Federal Mortgage Bank a 1977, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin 100 na albashi ana kai masa. Ban ga ta taɓa zama ta masu zubi ba irin yadda Baba ya kwatanta

Baba Alhaji Bradford:
Haka ne Abba, ita daga sama aka kafa ta, su kuwa na nan daga ƙasa suka taso. Ba abu ɗaya ba ne ko da suna ya zo ɗaya

Ummi Leicester:
To shi TSB ɗin nawa fa, shi ma sosayati ne da?

Injiniya Bashir Newcastle:
A'a shi danginsu ne amma ba ɗaya ba. Bankunan ajiyar talakawa ne da amintattu ke riƙewa, wani limamin coci Henry Duncan ya fara a wani ƙauye Ruthwell a Skotland a 1810 don masu ƙaramin ƙarfi su samu inda za su ajiye 'yan kuɗinsu. Aka yi ta buɗe irinsu gari gari, daga baya aka dunƙule su. Da za a sa shi a kasuwa a 1986 sai da aka je kotu a kan tambayar da kika yi yau, wai wa ke da shi, domin masu ajiya a Skotland sun ce nasu ne. Kotu ba ta ba su gaskiya ba aka sayar. 1995 ya haɗe da Lloyds, kusan shekara 18 suna Lloyds TSB, sai Tarayyar Turai ta ce tunda gwamnati ta ceci Lloyds da kuɗin jama'a dole ya rage girma, aka yanko rassa 631 a 2013 aka maida musu tsohon sunan TSB. Cikin rassan nan har da na Cheltenham & Gloucester, don haka akwai jinin sosayati a jikinsa ta wannan ɓarin. Da farko ma Co-operative Bank ne za su saye su cinikin ya rushe, a shekarar da ramin da Sadiq ya faɗa ya bayyana

Sadiq Akanta:
Kuma Ummi ga abin da ya fi duk wannan tarihin amfani gare ki. Inshorar ajiya ta FSCS kafin Disambar 2025 tana biyan har fam 85,000 ga mutum ɗaya, daga nan aka ƙara, amma a kan lasisi ake lissafi ba a kan sunan da ke allo ba. Misali Halifax da Bank of Scotland lasisi ɗaya suke, in ka raba kuɗinka tsakaninsu kana ganin ka raba ƙafa to wuri ɗaya ka ajiye. Lloyds kuma duk da uwa ɗaya suke lasisinsa daban. HSBC da First Direct su ma ɗaya ne. Na san ɗalibi ba ya ajiye irin wannan kuɗi amma akwai masu tara kuɗin sayen gida a cikinmu da masu riƙe kuɗin ƙungiya da na masallaci, su ya kamata su duba. In Santander suka haɗe lasisinsu da na TSB, mai ajiya a duka biyun sai ya sake lissafi

Maman Hanif Coventry:
Wannan shawara ce mai kyau kuma sosayati ma suna cikin inshorar daidai da banki, kar wani ya ji tsoro ta nan

Hajiya Anti Landan:
Ni abin da ke damuna a duk cinikin nan rassa ne. Duk sanda aka haɗe biyu sai ka ga titi ɗaya reshe biyu, sai a rufe ɗaya, tsofaffinmu da ba su iya manhaja ba su ne ke shan wuya. Na san Abbey tun yana da alamar mutum biyu riƙe da lema mai siffar rufin gida, ka shiga da ɗan littafinka a buga maka a gaisa da kai da sunanka. Ba wai ina cewa a koma zamanin littafi ba, amma wanda ke yanke hukuncin rufe reshen unguwarmu yanzu bai san unguwar ba

Sadiq Akanta:
Anti ai Santander UK kamfani ne mai rajista a nan, hukumomin nan ke sa masa ido, ba daga Madrid ake zaɓen reshen da za a rufe ba. Kuma bankunan da ba na baƙi ba su ma rufewa suke yi, Lloyds da NatWest da Barclays duk sun rufe ɗaruruwa. A yi adalci kuma, a 2008 da Alliance & Leicester ke tangal tangal su waye suka zo da kuɗi? Santander ne, fam biliyan 1.26. Da Bradford & Bingley ya faɗi a Satumban shekarar gwamnati ta riƙe bashin gidajen, su suka karɓi ajiyar mutane da rassa kan fam miliyan 612 aka buɗe ƙofa washegari kamar ba abin da ya faru

Baba Alhaji Bradford:
Ba wanda ya zargi Santander ɗana. Ɗan kasuwa ya ga haja da araha ya saya, haka ake yi. Su ma fa sunan garinsu suke ɗauke da shi, Santander gari ne a bakin teku a arewacin Sifaniya, can aka kafa bankin a 1857, kuma zuri'ar Botín ke jan ragamarsa tun kaka da kakanni, ita Ana Botín da ke shugabanta yanzu ita ta riƙe na nan Birtaniya daga 2010 zuwa 2014. Su sun riƙe sunan garinsu sun kai shi duniya, na Bradford da Bingley da Leicester suka kaɗa ƙuri'a suka saki nasu. Da waɗanda suka saki nake, ba da mai saye ba

Sadiq Akanta:
Baba su sun riƙe ne saboda kamfani ne mai neman riba da ya iya kasuwa, ba don mambobi ba. Hujjata kuka ƙara wa ƙarfi

Injiniya Bashir Newcastle:
A'a Sadiq, su tun asali banki ne sun san aikin banki. Namu mutanen da suka ƙware a bashin gida da ajiyar talaka ne aka ce rana ɗaya su shiga gasa da manyan duniya, masu hannun jari na neman riba ta ƙaru duk wata shida. Abbey ma ai abin da ya raunana shi kenan kafin a saye shi, ya kutsa harkar manyan basussukan kamfanoni ya tafka asara a 2002, ba bashin gidan talakawa ne ya kayar da shi ba

Ummi Leicester:
Na gode ƙwarai iyayena, na fahimta fiye da yadda na zata. Tambaya ta ƙarshe, in na buɗe asusu a Nationwide yau na zama mamba kenan har in yi zaɓe? ko sai ɗan ƙasa

Maman Hanif Coventry:
Ba ruwansu da fasfo ɗinki, asusu ne ke sa ki zama mamba. Zaɓe kuma sai kin kai shekara 18 kuma kina da aƙalla fam 100 a ciki a ranar da suke ƙirga masu zaɓe, za su turo miki takarda ko saƙo kafin babban taron shekara.  Kuma ba sai kin rufe na TSB ba, kina iya riƙe biyun